Ɗige-ɗigen Baba Akawu

Ranar da matar Injiniya ta shigo shagona neman littafin koyon rubutu, ban san idon tsoho ne zai tafi a kai ba. Da na sani, da ko a ƙarƙashin ƙasa littafin yake sai na tono mata shi.

Shagon nawa a jikin gidansu yake. Ina buga takardu, ina fotokwafi, ina sayar da biro da fensir da littattafan 'yan makaranta. Tagar baya tana kallon barandar gidan, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

A shekarar ne suka cire 'ya'yansu uku daga makaranta, wai a gida za su yi karatu, uwar ce za ta koyar da su. Ban ga laifin wannan ba, kowa da tarbiyyar da yake so wa ɗansa. Ta shiga wata ƙungiya ta iyaye mata masu koyar da yara a gida, suna haɗuwa a falonta duk Laraba. Kafin wata biyu ta zama shugabarsu, sunan kuma ya bi ta, har mijinta Shugaba yake ce mata.

"Irin mai ɗige-ɗige nake so," ta ce min. "Wanda yaro zai riƙa bi da fensir har hannunsa ya faɗa."

Na fito mata da iri huɗu. Na farko ta ce takardarsa ta yi santsi. Na biyu layinsa ya yi faɗi. Na uku an zana agwagwa da kare a gefe, za su ɗauke wa yara hankali. Na huɗu kuwa ta ce duk 'yan ƙungiya suna da shi, ita kuma ba ta cire 'ya'yanta daga makaranta don su yi abin da kowa ke yi ba.

A lokacin Baba Akawu yana zaune a bencin ƙofar shago, yana rubuta wa wani direba adireshi a bayan ambulan. Shi ne mahaifin Injiniya. Shekara talatin da biyar ya yi yana akawu a ofis, in ka ga rubutunsa sai ka rantse bugawa aka yi. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, hawan jinin ido ya cinye shi. Na daman ake lallaɓawa da magani safe da yamma, an kuma sa masa ranar da za a yi masa aiki. Likitan ido Talata kaɗai yake zama a asibitin, ranar tana rubuce a katin da Baba ke ajiyewa a aljihun gaba.

Shugaba ta leƙa ambulan ɗin, ta tafa hannu.

"Baba! Ashe abin da nake yawon nema yana cikin gida."

Gaskiya ita ce tsohon ya ji daɗi. Tun da ya dawo gidan ɗansa babu wanda ya taɓa ce masa yi kaza, ci da barci da sauraren rediyo ne aikinsa. Washegari da sassafe ya sa aka fito masa da tebur baranda, ya zo ya sayi rula da biro shuɗi guda biyu, yana tafiya kamar wanda aka mayar bakin aiki.

Ku ji yadda ake yin shafi ɗaya. Sai ya ja layi huɗu-huɗu da rula tun daga sama har ƙasa. Sai ya rubuta haruffan da fensir, a hankali, ba ya dannawa. Sai ya bi su da biro ɗigo bayan ɗigo, tazarar kowane ɗigo daidai da ta ɗan uwansa. In tawada ta bushe ya goge fensirin, ya hure takardar. Shafi ɗaya yakan ci masa minti arba'in, hancinsa na kusan taɓa tebur. Yara uku, kowa shafi biyu a rana.

A sati na farko na ce da Shugaba, "Ki kawo min guda ɗaya in buga miki ɗari. Kyauta na yi miki, saboda Baba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Injinka yana baƙanta ɗigo, yaro ba ya ganin fensirinsa a kai. Kuma ni kullum sababbin kalmomi nake ba su, kowa da nasa. Kai dai ka tsaya a kan abin da ka sani."

Na koma kan abin da na sani. Ainihin dalilin sai ranar Laraba na ji shi ta taga. Ta baje takardun a gaban matan tana cewa, "Aikin hannu ne wannan. Mu a gidan nan ba ma ba yara abin inji." Matan suka yi ta santi. Wata ta ce a taimaka mata da shafi biyu don autanta, wata ta ce ita ma. Shugaba ba ta iya cewa a'a ba, ai ba hannunta ne zai yi ba. Ba sayarwa take yi ba, kada in yi mata ƙarya. Girma take saye da su, mata goma sha ɗaya kowacce na fita da takarda a jaka tana sa mata albarka.

Daga nan Talata ta zama ranar da aiki ya fi yawa a barandar nan, saboda komai sai ya kammala kafin Laraba.

Maganin Baba yana da wani hali. In an sa masa, sai ganinsa ya yi hazo na kamar awa ɗaya, ba ya iya bambanta ɗigo da ɗigo. Wata safiya na ga ya ɗaga kai zai sa, Shugaba ta fito da sauri da jerin kalmomi a hannu.

"Baba, da an bari sai an gama na safe. In ka sa yanzu awa guda ta tafi a banza, yara kuma suna zaune suna jira."

"Likita ya ce da safe, 'yata."

"Ai sha biyu ma safiya ce. Magani ba ya gudu."

Ya mayar da kwalbar aljihu. Sha biyu ta koma azahar, azahar ta koma la'asar, har na safe ya haɗe da na yamma. Daga baya kwalbar ta ƙare, aka kwana goma ana cewa za a biya a sayo.

Talatar da ke kan katin ta zo. Baba ya yi wanka ya sa fararen kaya ya zauna a benci tun bakwai. Injiniya ya fito yana waya, ya ɗaga masa hannu, ya buɗe mota.

"Yau ne fa," in ji Baba.

"Yau ne me? Au, asibiti. Baba, ina da taro ƙarfe takwas. Shugaba ta kai ka mana."

Shugaba ta leƙo daga ƙofa. "In na fita wa zai zauna da yara? Kuma saura shafi goma sha huɗu na gobe. A ɗaga zuwa wani satin, ai likita ba zai gudu ba."

A gidan nan babu abin da ke gudu, magani ba ya gudu, likita ba ya gudu. Baba ya koma ciki ya cire fararen kayan, ya zauna a teburinsa.

Sati na gaba Injiniya ya yi tafiya. Na bayansa mota ta lalace. Na bayan wannan kuma ƙungiya na shirin baje kolin ayyukan yara, ana buƙatar babban rubutu a kwali. Na daina ƙirgawa saboda yana ɓata min rai.

Wata rana na tare Injiniya a bakin mota, na gaishe shi yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, idon Baba fa. Jiya ya miƙa hannu zai karɓi canji, ya kama iska."

"Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne, magani ne ba ya samu, ranar aikinsa kuma ta wuce tun wata biyu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai likita ne?"

"A'a."

"To ka ji. Aikin nan shi ke riƙe da shi. Da can zama yake yana jiran mutuwa, yanzu yana da abin tashi da safe. Ka tambaye shi in wani ya tilasta masa. Mahaifina ne, ina ciyar da shi, ina tufatar da shi, ɗakinsa ya fi shagonka girma. Ka daina shiga sharo ba shanu."

Ya ja motarsa. Abin haushin, da gaskiyarsa a abu ɗaya, babu wanda ya ɗaga wa tsohon murya a lokacin. Da "sannu Baba" da "Allah ya ƙara lafiya" ake cinye masa ido.

Na koma kan Baba da kansa. Da la'asar ya fito benci yana murza goshi, idon ya yi ja yana zubar da ruwa.

"Baba, Talata mai zuwa in rufe shago in kai ka."

"A'a, ɗana."

"Saboda me?"

"Yaron nan yana da mota a ƙofar gida. In aka gan ni a bayan babur ɗinka za mu asibiti, me mutane za su ce a kansa? Ni zan tona masa asiri da tsufana?" Ya yi ɗan murmushi. "Zai kai ni. Aiki ne ya yi masa yawa."

Na ƙyale shi. Wannan ƙyalewar tana cikin abubuwan da har yau ban yafe wa kaina ba.

Yara ne suka fara nuna abin da ke faruwa, ba tare da sun sani ba. Yaro abin da aka ɗiga masa yake bi. Da layin Baba ya fara gangarawa, rubutunsu ya gangara. Da haruffansa suka fara hawa kan juna, nasu suka hau. Wata safiya na ji ƙarar rula a kan yatsu, 'yar tsakiyar, mai shekara bakwai, tana ihu.

"Wannan rubutu ne ko tafiyar kaza? Wata shida ina fama da ke!"

"Mama, wallahi haka yake a takardar Kaka! Bi kawai na yi!"

Sai ga Shugaba a baranda da takardar a hannu, ta ajiye ta a kan wadda Baba ke yi.

"Baba, dubi wannan."

Ya ɗaga ta har tana taɓa girarsa, ya juya kai gefe yana neman inda zai gani.

"Irin wannan na raba wa mata makon jiya? Shi ya sa matar mai kemis take min wani kallo. Baba, ka kunyata ni. In ka gaji ne ka faɗa, ba sai an ɓata wa 'ya'yan mutane hannu ba."

"Ban gaji ba, 'yata. Layin ne yake ɓace min a tsakiya."

"To a riƙa kula. Waɗannan shida sai an sake su."

Yarinyar ta zo ta tsaya a bayansa tana shan yatsunta. Ya lalubo kanta ya shafa.

"Amaryata, ni na ja miki duka ko? Yi haƙuri, mijin naki ya tsufa."

"Ni na sake ka," ta ce, tana kuka tana dariya.

Da yamma Shugaba ta dawo daga kasuwa da gilashin ƙara girman rubutu da fitilar tebur. Ta tsaya a ƙofar shagona ta ɗaga su yadda zan gani.

"Masu cewa ba a kula da tsoho, ga shi nan. Da kuɗina na saya."

Kemis ɗin da ake sayar da maganinsa yana jikin shagon da ta sayi fitilar.

Ranar da abin ya ƙare Talata ce, wajen ƙarfe goma, rana ta cika barandar har tana kashe ido. Ina cikin buga wa wata mata takardu na ji muryarsa ta taga.

"Wa ya kashe fitilar nan? Amarya, an ɗauke wuta ne?"

Fitilar tana kunne a gabansa.

Ban nemi izinin kowa ba. Na sallami matar, na ja ƙofar shago, na shiga gidan da sallama ɗaya. Na kama hannunsa na ce ya tashi. Wannan karon bai yi gardama ba. Shugaba ta fito daga falo da alli a yatsunta.

"Ina za ka da shi?"

"Asibiti."

"Da izinin wa? Ka bari Injiniya ya dawo. Kuma saura shafi tara."

Na buɗe baki, sai na tuna tsohon yana ji. Na haɗiye abin da na yi niyya, muka wuce.

Mun yi awa uku a layi. Likitan ya haska idon, ya auna, ya sake haskawa, sannan ya duba katin. Ya ajiye biro ya fuskance ni.

"Kai ne ɗansa? Wata biyar kuna ina? Na rubuta muku rana da hannuna. Da kun zo, da wannan idon ya kai shi ƙarshen rayuwarsa. Yanzu jijiyar ta mutu, ba ni da abin da zan yi mata. Wane irin mutane ne ku?"

Kafin in ce ni maƙwabci ne, Baba ya riga ni.

"Likita, kada ka ga laifin kowa. Ni ne ba na son zuwa. Sun yi ta fama da ni."

Na fita waje na tsaya a jikin bango, don kada in yi kuka a gaban mutane.

Kun san ihu bayan hari. 'Yan uwa suka cika gidan kwana uku ana jaje. Injiniya yana zaune a tsakiya yana girgiza kai. "Ƙaddara ce. Babu irin ƙoƙarin da ba mu yi ba, amma kun san Baba da taurin kai a kan asibiti." Shugaba tana nuna wa baƙi fitila da gilashi. Wata gwaggo ta ce ai ciwon a jininsu yake, kakansu ma haka ya ƙare. Kowa ya samu abin da zai rataya laifin a kai, aka sha shayi aka watse. Ni kuwa Injiniya ya aiko min da saƙo cewa kada in sake fita da mahaifinsa ba da saninsa ba, in ba haka ba in nemi wani shagon.

Karatun yara ko kwana ɗaya bai tsaya ba. Ranar Laraba na ga matan suna fitowa da takardu masu ɗige-ɗige, fes da su, bugun inji. A waya Shugaba ta samo su, kyauta, iri ya fi ɗari, ta kai wani shago a bakin titi aka buga mata don kada ta haɗa ido da ni. Minti biyar ya ɗauke ta. Tun ranar farko suna nan a cikin wayar da ke hannunta. Na ji tana ce wa matan, "Mun koma na zamani, ya fi tsafta."

Amma ba a ɗauke teburin daga baranda ba. Baba ya ce hannunsa ya san hanya ko babu ido. Yana kafa rula, yana auna tazara da yatsa, yana ɗigawa daga safe har azahar. Na tambayi Shugaba ta taga me ya sa ba za a bar shi ya huta ba.

"Yana ɗebe masa kewa," ta ce. "Ko shi ma za ka kai ƙara?"

Ina hango shi daga nesa, kansa a sunkuye, amma ban shiga gidan ba saboda gargaɗin da aka yi min. Sai wata safiya ya lalubo bango da kansa har ƙofar shago, da takarda a hannu. Na zaunar da shi a benci.

"Ɗana, kai ba ka yi min ƙarya. Duba min wannan. Layin ya miƙe kuwa? Ina jin kamar na uku ya ɗan karkace."

Na karɓa. Farar takarda ce. Babu ɗigon tawada ko ɗaya, sai ƙananan ramuka da bakin biro ya lotsa, layi bayan layi, a miƙe kamar an sa ma'auni. Na zare biron daga aljihunsa na gwada a tafin hannuna. Ya bushe ƙaf.

Na so in ce ya yi kyau. Amma ƙaryar da aka yi masa a gidan nan ta isa.

"Baba, layin ya miƙe. Sai dai biron ba tawada. Babu komai a takardar."

Ya karɓi takardar ya shafa ta da yatsu, sama da ƙasa.

"Tun ranar da muka dawo daga asibiti da shi nake yi," ya ce. "Yau kwana ashirin da biyu. Shafi shida kullum. Da hannunta take karɓa, ta ce, sannu Baba, na yau sun fi na jiya."

Na kalli akwatin biro cike a kan kantar shagona.

"Yaran fa?" ya tambaya. "Me suke bi?"

"An buga musu a inji."

"To, alhamdu lillahi. Ba su tsaya ba."

Daga cikin gida muryar Shugaba ta taso, da fara'arta, yadda matan da suka fara taruwa a falo za su ji.

"Baba! Ina ka shiga? An gama na yau kuwa?"

Na riƙe hannunsa. "Kada ka amsa. Zauna nan."

Ya zame hannun a hankali, ya karɓi busasshen bironsa ya mayar aljihu, ya miƙe yana laluben bango.

"Saura kaɗan, 'yata," ya ce. "Ga ni nan zuwa."